Ranar da Na Gyara Takalmin da Bai Lalace Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda na ɗauki biro. Sau uku ina farawa ina bari. Na farko na ji kamar asirin kaina zan tona, na biyu na ji tsoron kada wanda abin ya shafa ya gani ya ce na yi masa ƙari, na uku kuwa matata ce ta hura gawayi da takardar ba ta sani ba. Ga shi karatuna bai wuce firamare ba, ina gudun masu ilimi su yi mini dariya. To amma abu ne da ba zan taɓa mantawa da shi ba har ƙarshen rayuwata, kuma akwai abin da nake nema wurin masu karatu, shi ya sa na daure.

Ni mai ɗinkin katifa ne a babbar kasuwar Njamena. Gidanmu a unguwar Ridina yake, kakanmu ya zo garin tun zamanin Faransawa. Gara in faɗi halina tun yanzu don a gane abin da ya biyo baya. Ni mutum ne mai yawan fargaba. In na kulle shago sai na dawo sau biyu na ja kwaɗon. In na sayar da katifa sai in yi kwana uku ina tunanin ko na manta allura a cikinta. Akwai lokacin da na bi wani mutum har unguwarsu na roƙe shi ya bar ni in shafa katifar da ya saya, allurar kuwa tana maƙale a hulata.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, damina ta ɗauke ba da daɗewa ba. Da hantsi ina zaune ina cusa auduga, sai na ji an yi sallama da Hausa, irin ta mutanen Damagaram. Na amsa ban ɗaga kai ba. Da na ɗago sai na ga Nasara, dogo siriri, rana ta ƙona masa hanci, da jaka a baya. Na waiwaya ina neman wanda ya yi sallamar, sai ya yi dariya ya ce, "Ni ne, maigida. Babu kowa bayana."

Ashe ya yi shekaru yana aikin famfon ruwa a ƙauyukan Damagaram, can ya koyi Hausa. Faransancinsa bai kai nawa ba ma, Larabcin Cadi kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ya zo Njamena zai yi mako guda yana jiran wasu takardu kafin ya wuce ƙasarsu, ya yi kwana biyu yana yawo a gari kamar kurma. Da ya ji muna Hausa a layinmu sai ya ji kamar ya iso gida.

Na ba shi kujera, na aika aka kawo shayi. Bayan ya sha sai ya ce katifa yake so.

Na ce, "Ta mutum ɗaya ko ta biyu?"

Ya ce, "Ba ta kwana ba. Ta faɗuwa."

Na ajiye allura. Ya yi mini bayani a hankali. Wai a ƙasarsu akwai wani wasa, mutum ya sami dutse wanda bai fi tsawon ɗaki ko ɗaki da rabi ba, ya zaɓi gefen da ya fi wuya, ya hau da hannu da ƙafa, babu igiya babu tsani. Sai a shimfiɗa katifa a ƙasa saboda faɗowa, domin faɗowar ta fi hawan yawa. Ya ce tasa katifar ya bar wa wani abokinsa a Damagaram don ta yi girma a mota. An kuma gaya masa akwai duwatsu masu kyau a wajen garin Dandi, hanyar tafkin Cadi, ba ya son ya bar ƙasar bai taɓa su ba.

Na ce, "To in ka hau, me ke saman?"

"Babu komai."

"Sai ka yi me?"

"Sai in sauko."

Maƙwabtana da suka taru suna saurare suka kwashe da dariya. Ni kam ban yi ba. Abin da ya zo mini shi ne, mutum zai faɗo daga sama, bayansa da wuyansa su dogara da ɗinkin hannuna. In ya karye, ranar gobe wa za a tambaya? Na so in ce ba zan iya ba, amma baƙo ne, kuma da harshenmu ya roƙe ni.

Kwana biyu muka yi a kan katifar nan. Ni na so in cika ta da auduga mai laushi, ya ce a'a, laushi kaɗai sai ƙafa ta nutse ta gurɗe. Muka sa soso mai laushi a ƙasa, mai tauri a sama, na rufe da tamfol, na yi ta yadda za ta ninku biyu, na ɗinka mata hannuwa da igiyar buhu don a goya ta. Kowane ɗinki sau uku na bi shi. Da muka gama ya goya ta ya bi layi da ita, mata masu sayen atamfa suna kaucewa suna cewa Nasara ya goyi gadonsa. Sannan ya shimfiɗa ta gaban shagona, ya hau kan wata ganga, ya daka tsalle ya faɗo ta baya. Na rufe ido ina salati. Da na buɗe yana kwance yana murmushi, yana cewa, "Maigida, wannan ta fi tawa."

Saura abu biyu. Na ɗaya farin gari da suke shafa wa hannu don kada gumi ya sa su zame, nasa ya ƙare. Muka zagaya kasuwa ba mu sami irinsa ba, sai ya ce allin makaranta ma zai yi maneji. Na kai wa matata kwali guda na ce ta daka. Ta dubi allin ta dube ni ta ce, "Malam, yau kuma tuwon alli za a yi? In turmina ya ƙi wankuwa, kai za ka ci yajin." Ta dai daka, ta tankaɗe da rariya har sau biyu.

Na biyu shi ne abokin hawa. Ya ce ba a yin wasan mutum ɗaya, dole a sami wanda zai tsaya ƙasa ya tare, kuma ya fi daɗi in akwai wanda za a riƙa gwadawa tare. Ya tambaya ko akwai masu hawan dutse a garin. Wannan karon har ni na yi dariya. Njamena fa, garin da ko tsakuwa sai an sayo ta a mota, dutsen niƙa ma baƙo ne. Amma sai na tuna taubashina, ɗan kawuna, mai haƙar rijiya. A unguwar Atrone yake zaune, inda ake ta sabbin gine-gine, kowa na son rijiya a gidansa. Mutum ne da ke shiga rami gaba goma ya fito ba igiya, yana dogara ƙafa nan da can. Tun muna yara ba ya kirana sai da Sarkin Fargaba, ni kuma ina ce masa Gafiya.

Da na kai masa maganar ya ce, "Wato ni da nake sauka don in ci abinci, yanzu in hau don banza?"

Na ce, "Baƙo ne, a taimaka."

"Zan je. Ba don dutsen ba, don in ga fuskarka lokacin da Nasara zai faɗo."

Har ya ce zai aro tsohuwar motar da suke ɗaukar siminti da ita. Aka sa ranar Lahadi.

To ga inda laifina ya shigo. Ranar da aka gwada katifar, kafin ya hau gangar, baƙon ya fito da wasu takalma daga jakarsa don ya nuna mana. Ƙanana ne, baki ya lanƙwashe kamar ƙahon akuya, ƙasansu baƙar roba sumul. Na ga yadda ya sa su. Ya zauna ya ja, ya ciji leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, ya yi nishi kafin dunduniya ta shiga. Da ya cire na ga yatsunsa sun dunƙule, duk kanta. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina wannan bawan Allah ko dai ƙafarsa ta kumbura da zafin ƙasarmu, ko kuwa na ƙanensa ya ɗauko bisa kuskure, kunya ta hana shi faɗa.

Ranar Juma'a da safe ya kawo mini jakar ya ce in ajiye masa, ƙofar masaukinsa ba ta kulluwa da kyau, shi kuma zai wuni a ofisoshi yau da gobe. Na karɓa da hannu biyu na rataye a ciki. Daga nan tunani ya fara. Ina ɗinki ina kallon jakar. Zuciya ɗaya ta ce ajiya ce, ba a buɗe ajiya. Ɗayar ta ce mutum zai hau dutse da takalmin da ke cizonsa, zafi ya sa ya saki hannu, ya faɗo, kai kuma ka gani ka yi shiru. Bayan an sauko masallaci zuciya ta biyu ta yi nasara. Na ce ai alheri zan yi, kuma ba zan faɗa ba, don alherin da aka ɓoye ya fi lada.

Akwai wani dattijo mai gyaran takalmi a bakin ƙofar kasuwa, na kai masa. Ya juya su ya sake juyawa ya ce, "Wannan na yaro ne ko na aljani?"

Na ce, "Na babban mutum ne, Baba. Sun matse shi. A ɗan buɗa su."

"Ɗan buɗawa? Wannan sai an yi musu da gaske. Ga ƙasan ma ya cinye, ko zane babu. In sa masa taya?"

Allah Ya taimake ni na ce a bar ƙasan. Ya jiƙa fatar, ya cusa itacen faɗaɗa takalmi ya buga, ya shafe su da man shanu don su yi laushi, suka kwana a haka. Washegari da na je karɓa, ya ƙara mini da kyauta: ya goge su da baƙin man takalmi tun daga sama har ƙasan robar, suna ƙyalli kamar na ango. Na gwada a ƙafata, suka shiga ba gardama. Na mayar cikin jaka, raina fari tas. Ranar har na ƙara tuwo.

Lahadi bayan asuba muka kama hanya. Taubashina na tuƙi, baƙo a gefen taga, ni a tsakiya gwiwata na karo da giya, katifa da jaka a baya. Muka bar gari, ƙasa shimfiɗe ko'ina, shanu da ƙayoyi. Ana ta hira. Can taubashina ya ce, "Nasara, na ji an ce takalmanka na yara ne. Ba ka da kuɗin manya?"

Baƙon ya yi dariya ya ce, "Da gangan ne. Dole su matse sosai, yatsu su dunƙule, sannan za ka iya tsayawa kan abin da bai fi ƙwayar gero ba. In suka saki, sun mutu. Na yi wata shida kafin waɗannan su kama ƙafata daidai. Robar kuma dole ta zama tsaf, ko ƙura sai na goge. Abu ɗaya ne maƙiyinta, mai."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Na ce a hankali, "Wane irin mai?"

"Kowane iri."

Taubashina ya dube ni ya ce, "Sarkin Fargaba, tun ba a ga dutsen ba ka fara gumi?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Yau da nake da furfura na san haka, a lokacin ma na sani. Amma bakina ya ƙi. Maimakon haka sai na shiga neman hanyar da za a fasa tafiyar. Na ce kamar ina jin ƙaurin wani abu a injin. Taubashina ya ce motar tun da aka haife ta take ƙauri. Na ce rana za ta yi zafi yau, a bari sai wani makon. Baƙon ya ce jirginsa Talata ne. Na ce an ce akwai macizai a duwatsun nan. Taubashina ya ce, "In sun gan ka za su ji tausayi su koma rami."

Da hantsi duwatsun suka bayyana, tsaye a tsakiyar fili kamar an ajiye su an manta. Ni da aka haifa a Njamena ban taɓa ganin abu mai tsawo haka ba wanda ba mutum ya gina ba. Baƙon bai kula manyan ba. Ya yi ta zagaya ƙananan da suka gangaro gindinsu, yana shafa su kamar mai sayen rago, har ya tsaya gaban wani da ya kai tsawon mutum biyu da rabi, gabansa ya ɗan rankwafo. Ya fito da buroshin haƙori ya fara goge wasu 'yan tsaga a jikinsa. Taubashina ya zagaya baya, sai ga shi a saman dutsen yana leƙo mu, ya ce, "Nasara, ga hanya nan ta baya, har akuya ta bar kashi. Ka zo ka hau mu tafi gida." Baƙon ya ce shi ta gaba yake so.

Suna wannan ni kuma na lallaɓa mota. Na ciro takalman na durƙusa bayan taya, na yi ta dirza su da yashi, ina gogewa da hulata. Ƙyallin ya tafi, suka yi fari-fari kamar ƙurar hanya ce. Na mayar. Sai daga baya na gane wannan ya fi na farko muni. Na farko rashin sani ne. Na biyu kuwa na share alamar da za ta gargaɗe shi, man shanun kuma yana nan cikin robar.

Aka shimfiɗa katifa. Baƙon ya zauna ya sa takalmi, ƙafa ta shige sulluɓ. Ya tsaya. Ya cire ya duba ciki, ya sake sawa, ya motsa yatsu. Ya ce, "Abin mamaki."

Taubashina ya ce, "Zafin bayan mota ne. Ƙarfen nan ko kwano ka ajiye sai ya buɗe."

Baƙon ya ɗaga kafaɗa, ya ja igiyoyin iya ƙarfinsa ya ɗaure. Ga ƙofa an buɗe mini, ba wanda zai taɓa sani. Na bi ta, Allah Ya yafe mini.

Ya nuna mini aikina. In tsaya bayansa, hannuwa sama, ido a kan bayansa. In ya faɗo kada in cafe shi, in dai tura kafaɗunsa ya sauka kan katifa, kansa kada ya bugi ƙasa. Ya ce ni ya zaɓa don ya ga ba na ɗauke ido daga abu. Wannan yabon ya fi zagi ciwo.

Ya shafa alli ya kama dutse. Taku na farko ƙafarsa ta ɗan goce, ya mayar. Na biyu ta sake gocewa, ya yi tsaki, ya riƙe da ƙarfin hannu ya ci gaba. Ina kallon dunduniyarsa tana rawa cikin takalmin. Ya wuce tsawona, ya wuce inda hannuna ke kaiwa. Daga nan zai miƙa dama ne, ya ɗora duk nauyinsa kan wani ɗan tudu da bai fi ƙwayar dabino ba. A ƙasan wajen kuwa katifa ta ƙare, akwai wani dutse mai kaifi da ya fito daga ƙasa. Na dubi dutsen, na dubi ƙeyarsa. Na ga ya ɗaga ƙafar dama.

Ban san lokacin da murya ta fito ba. Na ƙwala ihu, "Kada ka taka! Ni ne! Ni na kai su aka buɗa! Akwai man shanu!"

Ya tsaya cak, ƙafa a iska. Ya juyo da kai ya dube ni ta ƙarƙashin hammatarsa ya ce, "Man me?"

"Man shanu! Da baƙin mai! Ka sauko don Allah!"

Bai sami damar amsawa ba, ƙafar hagun da yake tsaye a kai ta zame. Ya taho gaba ɗaya. Ni dai na san hannuwana suna sama, na ji kafaɗunsa sun faɗo cikinsu, na tura shi hagu da duk ƙarfina. Ya sauka tim a tsakiyar katifa, ni kuma na zauna daɓas kan ƙaya. Da ya riga ya miƙa dama, da ba katifa zai samu ba.

Na rarrafa ina taɓa hannunsa da wuyansa ina tambaya ko ya karye. Lafiyarsa ƙalau. Ya zauna ya cire takalmi ɗaya, ya kai hanci ya sunsuna. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga nishin da na ga ya yi a kasuwa har yashin bayan mota. Taubashina da farko ya riƙe baki, da na zo wajen "in sa masa taya" sai ya faɗi ƙasa yana birgima, yana cewa, "Wayyo cikina! Ya kai takalmin Nasara an yi masa kitso!"

Baƙon bai yi dariya ba. Bai kuma yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tashi ya koma inuwar wani dutse ya zauna ya ba mu baya, takalman a hannunsa. Sai a lokacin na gane girman abin. Mutum ya ɗauko su daga wata ƙasa, babu irinsu a duk Cadi, rana ɗaya tak gare shi, ni kuma na kashe masa ita da tausayina. Dariyar taubashina ma ta tsaya. Ba ka jin komai sai kukan kurciya.

Can taubashina ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya cire silifas ɗinsa, ya tofa yawu a hannu ya ce da ƙarfi, yadda na inuwa zai ji, "Ni dai ban ga abin da ake wa takalmi ba. Rijiya ce aka juya ta." Ya kama dutsen da ƙafa tsirara, babban yatsansa ya shige wata tsaga kamar ƙusa. Ya hau taku uku, na huɗu ya faɗo kan katifa kamar buhun gero. Ya tashi ya sake, ya sake faɗowa. A karo na uku sai muka ji murya daga baya, "Ba haka ba. Juya ƙugunka wajen dutsen."

Baƙon ne, ya taso. Ya nuna masa da hannu, taubashina ya ce ai faɗa da baki sauƙi ne. Baƙon ya dube shi, ya dubi ƙafafunsa, ya ajiye takalman a gefe ya kama dutsen haka nan.

Haka suka wuni. Wannan ya hau ya faɗo, wancan ya hau ya faɗo, suna gardama kan inda za a sa yatsa, fuska duk alli kamar masu aikin niƙa. Ni kuma ina ƙasa hannuwa sama, ina jan katifa duk inda suka nufa, har kafaɗuna suka mutu. Ba wanda ya taɓa ƙasa ranar, wannan kam zan iya rantsuwa. Sun hau wasu ƙanana guda biyu har sama, suka tsaya suna ihu kamar sun ci yaƙi. Amma wancan na farko, wanda ya goge da buroshi, ya gagara. Wajen nan na dama ba ya takuwa da ƙafa tsirara. Baƙon ya gwada har babban yatsansa ya fashe, na yaga gefen rawanina na ɗaure masa. Da la'asar ya dafa dutsen ya daɗe, sannan ya ce mu tafi.

A hanya ya yi hira da taubashina sosai, har ya koyi zagi biyu na Larabci. Ni ma ya yi mini magana, ya ce turawar da na yi masa daidai ce. Sau biyu na ce ya yafe mini. Na farko ya ce, "Bari, maigida." Na biyu mota ta faɗa rami, maganar ta bi iska.

Ranar Litinin ya zo shago da katifar a goye. Ya ajiye takalman kan teburina ya ce, "Yanzu ƙafarka suka sani, naka ne." Ya ɗan yi murmushi. Sannan ya dafa katifar ya ce, "Wannan kuma ajiya. Zan dawo da sabon takalmi in gama da dutsen nan. Kada a gyara ta." Muka yi musabaha ya tafi. Sai da ya ɓace cikin mutane na tuna ban tambayi sunan garinsu ba, sunansa ma da ya faɗa ranar farko harshena bai kama ba, Nasara kawai muke ce masa.

Abin da na koya a wannan rana ya zauna mini har yau. In ka ga abu ya matse wani, tambaye shi kafin ka buɗa masa, wataƙila haka yake so. Tausayin da bai yi tambaya ba yana iya karya wuyan mutum. In kuma ka riga ka yi ɓarna, faɗe ta tun kuna cikin mota, kada ka bari sai mutum yana rataye.

Katifar tana nan a ɗakina, bisa wasu itatuwa don kada gara ta taɓa ta. Duk shekara ina fitar da ita ta sha rana in mayar. An yi haihuwa an yi biki a gidan nan, baƙi sun kwana kan tabarma, ban bari kowa ya kwanta a kanta ba. Matata ta ce ko ita ba ta sami irin wannan kulawa ba. Igiyar hannu ɗaya ta tsinke da kanta shekaru da suka wuce, ina da allura ina da zare, ban taɓa ta ba. Taubashina, wanda yanzu gwiwa ta hana shi shiga rijiya, duk sallah sai ya tambaye ni ko Nasara ya aiko a sa wa katifar man shanu.

To ga roƙona. Jama'ar Damagaram da kewaye, musamman waɗanda aka yi wa famfo a ƙauyukansu a shekarun nan, ko akwai wanda ya san wani Nasara dogo siriri mai jin Hausa, mai hawan duwatsun bayan gari da katifa a goye? In akwai wanda ya san inda yake, ko wanda ya bar wa tsohuwar katifarsa, don Allah a sanar da ni ta hannun masu wannan shafi, ko a tambayi layin masu katifa a babbar kasuwa, kowa ya san mai ajiyar Nasara. A gaya masa kayansa na nan yadda ya bar su, dutsen ma na je na duba, yana nan. A kuma tambayar mini shi, "Bari, maigida" ɗin nan da ya ce, yafewa ce ko kuwa cewa ya yi in yi shiru.